Wardinki da Karkataccen Daɓena

Gabukka, Gombe.

Zuwa ga Maimuna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin ni'ima. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Babu direban da zan ba a tasha, babu wanda zan kira in ce ya je ya karɓo miki. Da kina nan ma dariya za ki yi, ki ce yaushe birkila ya fara rubuta wasiƙa, mutumin da ke riƙe biro kamar cokalin gini. To ki yi dariyarki. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya kusan shekara guda, kuma ba ni da wanda zan gaya wa in ba ke ba.

Kin ga sunanki na rubuta a sama. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sa da bakina ba, daga "ke" sai "Maman Habiba". Yau da na rubuta shi sai da na ajiye biron na ɗan zauna.

Bari in fara ba ki labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Kowa lafiya. Habiba ta sauka a Kumo, an samu mace, an mayar da sunanki. Suna kiranta Ummi, kuma ta ɗauko goshinki da kuma kukan da ba ya jin lallashi, wannan kam ban san inda ta samo shi ba. Ƙanwarta Zulai tana nan ƙalau, ta ƙara ƙiba, tana cewa wai tunani ne. Mai daddawar nan da kike saya a wurinta a Kasuwar Gombe ta tare ni rannan, ta yi mini gaisuwa har da hawaye, ta ƙulla mini daddawa ta ce in kai gida, ni kuwa na karɓa ban san me zan yi da ita ba. Famfo har yanzu sai ya ga dama yake kawo ruwa. Babban labari kuma shi ne an sa ranar auren autarki Nafisa, da malamin makarantar nan, Kabiru, wanda kika ce kunnuwansa sun yi girma amma yana da ladabi. Saura mako uku.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maimuna, saura ƙiris da na kashe wardinki, fulawar nan taki ta tsakar gida. Da hannuna, kuma ina ganin alheri nake yi miki.

Kin tuna lokacin da na gina gidan nan? Ban daɗe da barin hannun maigidana da ya koya mini gini ba, ina ji da kaina, Gabukka kuma lokacin rabinta gonaki ne. Na ce daɓen tsakar gida ni kaɗai zan yi shi, ba na son hannun kowa. Na yi kwana uku ina fama. Siminti ya ƙare kafin in kai kusurwar yamma ta wajen kicin, aka bar fili na ƙasa kamar faɗin tabarma. Wannan ma da sauƙi. Abin kunyar shi ne gangarar ta karkace. Maimakon ruwa ya bi ta gabas ya fita ta rariya, sai ya juya ya nufi kusurwar nan ya kwanta. Ranar da abokan aiki suka zo ganin sabon gida, Ɗanjuma, abokina tun muna koyon gini, ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a tsakiyar daɓen, kowa ya zuba ido, ruwan ya kama hanyarsa ta yamma. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kina ɗaki, amma na san kin ji komai.

Ba a yi sati biyu ba na dawo daga aiki na tarar kin soke wani ɗan kara mai ƙaya a wannan kusurwar, kin kewaye shi da tsohon kwando saboda kaji. Kin kuma sa an mirgino miki wani faffaɗan dutse an ajiye a saman gangarar, kin ce nan ne wurin alwala. Daga ranar, duk wanda ya shigo ya yi maganar karkatar daɓen, ke ce mai amsawa tun kafin in buɗe baki: "Ni na ce a yi mini haka, saboda fulawata." Kika faɗa wa 'yan'uwana, kika faɗa wa matan unguwa, har Ɗanjuma sai da kika faɗa wa ta bayan labule.

Ni kuwa na san ƙarya ce. Na ɗauka ƙaryar rufin asiri ce irin ta mace mai kishin mijinta, na ji daɗinta a raina, ban kuma taɓa ce miki na gode ba. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, ƙaryar nan tuntuni ta zama gaskiya. Ina zan sani? Da sassafe nake fita, sallolina a masallaci ko a wurin gini, in dawo bayan magariba a gajiye. Na ga dai karan ya zama itace ya kai ƙirjina, ya cika kusurwar, yana fure ja mai haske, ya huta kwana kaɗan ya sake yi, rani da damina. Na ɗauka da bokiti kike ba shi ruwa. A ganina abin mata ne, kamar lalle.

Sau nawa na ce miki bari in fasa daɓen nan in sake shi? Bayan na yi suna, ana kirana har Dukku da Bajoga, sai ya zama abin yana ci mini rai, a ce birkila kamata daɓen gidansa a karkace. Kowane lokaci amsarki ɗaya ce, in bar shi haka. Har faɗa mun yi a kai shekarar da aka haifi Zulai, na ce miki taurin kai ne kawai, kika ci gaba da tsince busassun furanni da ɗan almakashinki. Me ya hana ki yi mini bayani? Ko kin yi, ni ne ban saurara ba? Na fi zaton na biyun.

Bayan sadakar arba'in ɗinki mutane suka watse, gida ya yi faɗi. Ban iya zama ba, ban iya barci sosai ba, hannuna yana neman abin yi. Sai na ce a raina, wadda take rufa mini asiri ta tafi, bari in gyara mata gidanta yadda ya dace da ita. Na kawo siminti da yashi da tsakuwa masu kyau. Na fasa tsohon daɓen na zuba sabo. Na ɗora lebur ɗina, katakon nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, a kowane taku, har sai da gangarar ta miƙe sak zuwa rariya. Dutsen alwalarki na ga yana ɓata tsarin, na mirgina shi bayan ɗaki. Wardin kuma na ce zan karrama shi: na kewaye shi da bulo layi uku, na yi masa filasta, na shafa farin fenti, na kawo siminti har gindin ginin. Wallahi, Maimuna, a duk aikin da na yi wa masu kuɗin garin nan ban taɓa yin daɓe mai kyaun wannan ba. Ɗanjuma ya zo ya gani ya ce yau kam na wanke kaina.

Nafisa tana wurin Zulai a kwanakin. Da ta dawo ta tsaya a bakin zaure ta daɗe tana kallo, ta ce sannu da aiki, ta shige ɗaki. Na ɗauka kyaun abin ne ya hana ta magana. Tun da babu dutse, sai ta koma yin alwala a banɗaki, ni kuma na ƙara nisa da gidan, don ko butarki ba na son gani.

Da sanyi wardin ya yi fure sau ɗaya, 'yan ƙanana, daga nan bai sake ba. Da zafi ya shigo, simintin nan ya riƙa ɗaukar rana tun hantsi, in ka taka ba takalmi sai ka yi tsalle. Ganye ya fara rawaya yana zuba. Na ce ƙishi ne, na riƙa tsayar da mai kurar ruwa ina juye masa jarka guda a lokaci ɗaya. Ruwan ya taru a cikin kewayen bulon ba hanyar fita, ya kwana ya wuni, sannan in tafi aiki Dukku in yi kwana biyar ƙasar ta bushe ta tsattsage. Da na ga abin yana gaba, na shiga kasuwa na sayo takin zamani na zuba masa tafin hannu biyu cike a gindinsa. Tunanin birkila ke nan, in gini ya yi rauni a ƙara siminti. Cikin sati guda rassan suka fara baƙi daga sama suna gangarowa.

A cikin wannan halin ne dangin Kabiru suka zo aka sa rana. Washegari da safe ina ɗaura takalmi, Nafisa ta kawo mini koko, ta tsaya ba ta tafi ba. Idonta yana kan kusurwar. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ni ke nan ba ni da gwangwani?"

Kin san abin da take nufi. Ranar da za a kai Habiba, kin yanki reshe tun wata uku kafin bikin kin dasa a gwangwanin madara, da za ta shiga mota kika ɗora mata a cinya. Haka kika yi wa Zulai. Na yi miki tsiya a lokacin, na ce wasu iyaye mata suna ba 'ya'yansu sarƙar zinariya, ke kina ba su ƙaya. Na Habiba awaki suka cinye a gidan haya. Na Zulai ya mutu lokacin da suka tashi daga tsohon gidansu ana tsakiyar rani. Duk ba su damu sosai ba, don sun san uwar itacen tana gida, ko yaushe za a sake yanko musu. To ga uwar itacen tana mutuwa, ga auta da ba ta samu ko sau ɗaya ba, ga wadda za ta ɗora mata a cinya ba ta nan. Na sha kokon nan ban ji ɗanɗanonsa ba, na fita.

Allah da ikonSa, a satin zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwana uku ban fita ba. Rana ta biyu da la'asar na lallaɓa na fito ƙofar ɗaki da buta, na tsuguna a kan sabon daɓen na fara alwala. Ina wanke ƙafa ina kallon ruwan. Ya taru, ya miƙe, ya bi gangarar nan tawa ba ko tangarɗa, ya wuce kewayen wardin da kamar kamu biyu, ya fita ta rariya zuwa kwata. Ki yarda da ni, abin da na fara ji shi ne alfahari. Sai kuma na bi hanyar ruwan da ido na dawo, na kalli inda dutsenki yake a da, na kalli kusurwar. Ke da 'ya'yanki uku, sau biyar a rana, shekara da shekaru. Ruwa kaɗan-kaɗan, mai tsabta, ba sabulu, yana bin ƙasa yana zuwa gindinsa ba ya taɓa ganye. Shi ya sa kike korar duk wadda ta zo yin wanki a wajen dutsen. Shi ya sa ba ki taɓa sayen ko jarka ɗaya domin shi ba. Na zauna daɓas a kan simintin da butar a hannuna, har Nafisa ta fito ta ɗauka jiri ne ya ɗebe ni.

Da na ji sauƙi na tafi wurin maƙwabciyarmu Mama Rahila, aminiyarki, tsohuwar malamar firamaren nan 'yar Kaltungo. Tun rasuwarki ba ta shigo gidan ba, ta ce ƙafarta ba ta iya tsallake zauren. Na gaya mata abin da na yi ban rage komai ba. Ta ɗauki mayafinta da sandarta ta biyo ni. Da ta ga farin ginin nan, Maimuna, ta wanke ni tas kamar ɗan aji uku. Ta ce na ɗauki abu mai rai na sa shi a tukunya na ɗora a wuta, sannan na zuba masa gishiri. Ta ce wannan ba irin wardin masu sayar da fulawa a bakin titi ba ne, da ke son a yi ta lallaɓa shi. Irin mai jimiri ne, ya saba da zafinmu, ba ya neman komai sai ranar safe, da ɗan ruwa a kai a kai, da ƙasar da za ta yi numfashi. Ta ce kashe irinsa sai an yi da gaske, kuma ni na yi da gaske.

A nan ne ta ba ni labarin da ba ki taɓa ba ni ba. Ta ce washegarin ranar da su Ɗanjuma suka yi mini dariya kika shiga gidanta, kina amarya ko sunanta ba ki gama sani ba, kika tambaye ta ko tana da wani abin shukawa mai kyau da ke son wurin da ruwa ke bi. Ta tambaye ki dalili, kika ce mijinki ya yi miki wuri na musamman kuma ba kya son ya zauna haka nan. Ko ita ba ki gaya wa gaskiya ba. Sai ta yanko miki daga nata, wanda ta kawo daga gidan mahaifiyarta. Nata kuwa kin san zaizayar kwari ta cinye shi tare da katangar bayan gidanta a daminar nan mai ƙarfi, na garinsu ma an sare an yi shago a wurin. Ta ce iyakar saninta, naki ne ya rage.

Ta sa na kama mata hannu ta sunkuya, ta kankare ɓawon wani reshe da farce. Busasshe. Ta sauka ƙasa ta sake, busasshe. Sai can kusa da gindi, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ta kankara muka ga kore. Ta ɗago ta ce da sauran rai, amma in ina son sa sai in zaɓa tsakaninsa da kwalliyata.

Washegari bayan na karya kumallo na ɗauko babbar guduma. Na fara da kewayen bulon, sannan na shiga daɓen. Ƙarar ta jawo Ɗanjuma daga gidansa, ya tsaya yana salati, ya ɗauka zazzaɓin ne ya taɓa mini kai. Ya riƙe mini hannu ya ce in ji tsoron Allah, wannan aikin ko a gidan gwamna sai haka. Na ce masa ya sake ni ko ya ɗauki diga. Ya tsaya yana kallona, can sai ya tuɓe riga ya ɗauki digar. Mun tsufa, Maimuna. Abin da da za mu gama kafin azahar sai da ya kai mu kwana biyu.

Wani abu kuma da ban sani ba sai yanzu: karkatar da gangara da gangan ya fi miƙe ta wuya. Hannuna ya ƙi. Duk inda na ja cokali sai in ga ya nufi rariya da kansa. Sau biyu ina kwashewa ina sakewa. A ƙarshe na ajiye lebur ɗin a ɗaki, na rufe ido ina tuno yadda tsohon daɓen yake a ƙarƙashin ƙafata, inda yake ɗan tudu, inda yake faɗawa. Na bar fili na ƙasa a kusurwar, ya fi na da faɗi. Muka mirgino dutsenki muka mayar da shi gurbinsa. Da simintin ya sha iska na miƙa wa Ɗanjuma buta na ce ya maimaita abin da ya yi shekara talatin da suka wuce. Ya tsiyaya, ruwan ya yi ɗan jim, ya juya yamma. Ya fara dariya, sai kuma ya ja hularsa ya rufe fuska, ya ce Allah Ya ji ƙan Maman Habiba.

Sauran aikin Mama Rahila ce ta tsaya a kaina. Na kwashe ƙasar da takin zamani ya ƙona, na kawo tsohon kashin awaki wanda ya riga ya huce, na gauraya da ɗan toka saboda gara, na rufe saman da ɓawon gyaɗa don kada rana ta busar da shi da wuri. Sannan ta ce a yanke. Na samo almakashinki a gwangwanin da ke tagar kicin, inda kika bar shi. Ta ce in sauke duk abin da ya mutu har sai na ga fari a cikin reshen, in yanka a karkace, sama kaɗan da idon da toho ke fitowa, wanda ke kallon waje. Itacen da ya kai ƙirjina ya koma kututture huɗu da ba su kai gwiwata ba. Ban ɓoye miki ba, fasa daɓen bai yi mini ciwo kamar wannan yankan ba. Ji nake kamar kayanki nake fitarwa daga ɗaki karo na biyu.

Daga ranar na dawo da alwalata gida. Duk sallar da ta same ni a unguwa, a kan dutsenki nake yi da butarki, sannan in taka zuwa masallaci. Nafisa ma ta dawo. Mu biyu ne kawai, ba mu kai ku huɗu ba, don haka nakan ɗan ƙara tsiyayar da abin da ya rage a butar. Sati ɗaya ba komai. Sati biyu ba komai. Na riƙa tsugunawa ina leƙa kututturen nan har Nafisa ta ce in na ci gaba da kallonsa haka kunya za ta hana shi fitowa. A sati na uku, kwana biyu bayan ruwan farko, ita ta fara gani. Wani ɗan toho ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a jikin kututturen da ya fi kusa da katanga. Hannuna kawai ta ja ta nuna mini.

Maimuna, da kin ga yadda ya tashi. Kafin damina ta yi tsaka ya wuce ƙuguna, rassa sababbi masu kauri, ganye kore shar. Ƙananan ƙwari sun taru a kan tohon, na jiƙa ganyen dogonyaro na yayyafa musu kamar yadda aka koya mini, suka watse. Ranar da furen farko ya buɗe na fito da asuba ƙamshin ya tare ni a ƙofar ɗaki. Shekara talatin ina wuce ƙamshin nan ina sauri, ban taɓa gaya miki ina son sa ba. Ina son sa. Na kuma gane abin da kike yi da almakashi kullum da yamma, wanda nake cewa ɓarna ce. Ashe in ba a cire furen da ya gama ba, itacen sai ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Yanzu ni ke cirewa. Ya yi fure, ya huta, ya sake, yanzu haka yana kan na uku.

Bayan furen farko ya zuba, Mama Rahila ta ce lokacin yanka ya yi. Na zaɓi rassan da suka yi fure, masu kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, na yanki tara. Na huda gindin gwangwanayen madara da ƙusa, na cika su da yashin filasta da ɗan taki, na soka, na kife musu gorar ruwa da aka yanke, na jera su a inuwar katanga. Huɗu suka yi baƙi suka mutu. Ɗaya kuma ni na kashe shi, don na ƙagu na tuge shi in ga ko ya yi saiwa. Ya yi, kuma da na mayar bai yafe mini ba. Kada ki ce komai, Mama Rahila ta riga ta faɗa. Huɗu suka rage, kuma duka huɗun sun fitar da sabon ganye. Ɗaya na Nafisa ne. Ɗaya na Habiba, na ce mata in awaki suka sake ci ta zo da su mu yi magana. Ɗaya na Zulai. Na huɗun na kai wa Mama Rahila ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a kan dakali, sannan ta ce abin mahaifiyarta ya je yawo ya dawo gida.

Ki yafe mini, Maimuna. Ki yafe mini taurin kan da na jingina miki alhali nawa ne. Ki yafe mini godiyar da na riƙe shekara talatin. Na yi kuskure ina saurayi, kika ɗauke shi kika shuka abu a ciki, kika bar ni ina yawo a gari ana ce mini gwani. Wane irin mutum ne zai zauna da mace irinki bai lura ba? Ga shi dai na lura, a makare, amma ba a makare ƙwarai ba, tun da kore ya rage a gindin.

Ban san yadda zan yi ranar kai amarya ba. Ba al'ada ba ce uba ya bi mota. Na yanke shawara in an kawo ta ɗakina don nasiha, bayan na gama abin da zan iya faɗa, zan ɗora mata gwangwanin a cinya da kaina. In muryata ta ƙi fita, shi ya isa.

Saura abu ɗaya. Kabiru ya gina ɗan gida a unguwar Hammadu Kafi, ɗaki biyu da falo, bai kai ga daɓen tsakar gida ba. Na aika masa cewa wannan aikina ne, gudunmawata ce, kada ya kira kowa. Ya ji nauyi ya yi ta roƙo, na ce ba shawara nake nema ba. Makon jiya na je na yi. Na duba inda ranar safe ke sauka da inda katanga ke yin inuwa da yamma, na bar fili na ƙasa kamar faɗin tabarma a wurin, na sa aka kawo faffaɗan dutse daga bakin kwari. Jiya na koma duba aikin, na tarar da shi tsaye da buta a hannu, ya gama alwala yana bin ruwan da kallo. Yaron yana da ladabi, kamar yadda kika ce. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya iya cewa, cikin girmamawa, kamar ruwan ba ya zuwa rariya.

Na ce masa, "Mahaifiyar Nafisa ce ta ce a yi mata haka, saboda fulawarta."

Wannan karon ba ƙarya ba ce, ko?

An kusa kiran la'asar, bari in tsaya nan in ɗauki buta. Allah Ya ji ƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Ki huta lafiya. Gida yana nan, yaran suna nan, kusurwarki a jiƙe take.

Ni ne mijinki,
Usmanu birkila, mai karkataccen daɓe.